Jar Riga a Igiyar Shanya

Ni ce Tegwen, shekara tamanin ba ɗaya.
Ban taɓa ɗaukar ƙwallon nan mai siffar ƙwai ba
sai don in kawar da ita daga tebur, in ajiye kwano.
Amma a tambaye ni zari-ruga.
Shekara arba'in ina wanke taɓonsa.

Wasan Wales na farko, in ji manya,
Ingila ta yi mana dukan kawo wuƙa.
Ba a son zancen a gidanmu.
Zancen da ake so na kakana ne, Caradog,
wanda ya rantse yana Cardiff a hunturun alif ɗari tara da biyar,
ranar da masu baƙar riga suka zo daga ƙarshen teku,
ba wanda ya kai bayansu ƙasa tun saukarsu jirgi.
Suka yi rawar yaƙinsu, suna dukan cinya, suna zare ido.
Mu ba mu tanadi rawa ba.
Murya gare mu.
Aka ɗauki taken ƙasa, fili ya amsa,
har tsabar aljihunsa, in ji shi, sai da ta yi rawa.
Uku da nema.
Ya rasu da ƙurar kwal a huhu,
da ukun nan a baki.

Mijina Emrys bai taɓa sa jar riga ta ƙasa ba.
Ƙungiyar ƙauye ya yi wa wasa, a sahun gaba,
inda ake haɗa kai a yi ta turi kamar shanun huɗa.
Kunnensa ya dunƙule kamar farin kabeji.
Duk mako yana ƙarƙashin dutse da fitila a goshi,
Asabar ya fito ya sake cusa kai cikin duhu, da son ransa.
Na ce, ba ka gaji da matsi ba?
Ya ce, a rami da fili duk abu guda ne:
ka san kafaɗar wa ke jikin taka.

Shekarun saba'in!
Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce,
jar rigar ta fito toka-toka, amma mun san ja ce.
Sau uku cikin shekara takwas suka share kowa,
limamin cocinmu ya zo Lahadi murya a dishe,
ba wanda ya tambaye shi dalili.

Sai aka rufe rami.
Aka sa kwaɗo a ƙofar, ciyawa ta ci layin dogo,
samari suka bi motar safe ba su dawo ba.
Shekara ashirin da bakwai muna jiran shara irin waccan.
Emrys ya jira ashirin da shida.

Ranar da ta zo, dubu biyu da biyar,
na ɗora hularsa a kujerarsa, na juya ta wajen akwatin.
Da aka busa tashi, titi ya ɗauki ihu.
Ni kuwa na zuba shayi kofi biyu.
Wauta ce, na sani. Na shanye duka.

Sun sake, sun kuma, har sau uku bayan nan.
Kwanan baya kuma aka yi ta cin mu,
masu jarida na ta haƙa mana kabari.
Su haƙa. Mun fi su sanin rami.
Wannan wasa ne da ake miƙa ƙwallo baya don a ci gaba,
ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Jikata Eirlys ke sa lamba tara yanzu,
'yar firit, bakinta ya fi ƙafarta gudu.
Akwai injin wanki a gidansu,
amma nan take kawo rigar, jage-jage da laka.
Na jiƙa, na cuɗa, yatsuna na ƙara.
Ga ta can a igiya, ruwa na shirin saukowa,
bari in je in kwashe.